Isiyaku Mai Fad da Gem Ɗin da Ba Ya Rufa Asiri

Shekara goma sha ɗaya ke nan bango ɗaya ne ya raba shagona da na Isiyaku, a layin masu gyara da ke Rafin Guza. Bangon ma na falanki ne, in ya yi atishawa ni nake fara yi masa addu'a. Ni tela ne, sunana Habibu, Bazazzagi gaba da baya. Shi kuwa Bakano ne, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da lasisi tun daga kakanni, in ya ji haushi ya san inda kekena yake.

Sana'arsa gyaran fad, wato abin nan mai madannai da ake riƙewa da hannu biyu a buga gem a talabijin. Kar ka raina sana'ar. Da ita ya yi aure, da ita ya sa 'ya'ya huɗu a makaranta, da ita ya ajiye tumbin da yanzu yake hana shi ganin sukudireba in ta faɗi ƙasa. Ya zo Kaduna yana saurayi daga Kurna, wai zai koyi gyaran rediyo a wurin wani kawunsa a Kawo. Kafin ya gama koyo mutane suka daina kawo rediyo. Ya koma gyaran rimot, sai rimot ya yi arhar da in ya lalace yara ake ba su yi mota da shi. Yana cikin wannan lalube gidajen gem suka fara ɓullowa a unguwanni, ɗaki ɗaya, benci biyu, talabijin uku, janareta a bakin ƙofa, samari suna danna fad kamar suna da tsohuwar gaba da shi. Isiyaku ya buɗe guda ɗaya, ya ga ashe ƙanin rimot ne, ya ce alhamdu lillahi.

Abin mamaki, bai taɓa buga gem ba, ko sau ɗaya. In ka tambaye shi sai ya ce shi mai gyara ne, ba mai ɓatawa ba. Ni dai na san tsoron a ci shi yake yi.

Amma duk da haka, daga Unguwar Dosa har Badarawa babu mai gidan gem da zai sayi sabon gem bai fara zuwa ya zauna a bencin Isiyaku ba. Sabon gem ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Wani sai ka sayi sabuwar na'ura kafin ya yi, in kuma samari suka ƙi shi, sai ka zauna kai da talabijin kuna kallon juna. Isiyaku ne yake faɗa musu wanda zai karɓu da wanda zai kwanta, kuma bai taɓa kuskure ba. Ba ya karɓar ko sisi a kan wannan. Ladansa ɗaya ne, ya ji ana cewa, "Isiyaku ya faɗa." Na rantse ya fi son wannan kalma da tuwon matarsa Dije, ga shi kuwa Dije ta iya tuwo.

Asirin ya samo asali ne tun kafin in zama maƙwabcinsa, shi ya ba ni labari da bakinsa. Wata rana wani saurayi ya shigo da fad, abokansa uku suna biye da shi suna dariya. An yi masa cin kaca a gidan gem, ya rantse fad ɗin ne ba ya jin danni. Isiyaku ya buɗe, ya gwada, ya ga komai lafiya lau. Da yake lokacin yana da ƙuruciya, sai ya ɗaga kai ya ce, "Ai wannan babu abin da ya same shi." Abokan suka zube ƙasa don dariya. Saurayin ya karɓi kayansa, ya fita, bai ƙara bin layin ba.

"Wallahi Habibu," in ji Isiyaku, "sai na ji kamar na tuɓe masa wando a tsakiyar kasuwa."

Na biyun da ya zo da irin wannan ciwo, Isiyaku ya canza salo. Ya kwance fad ɗin, ya ɗauki tsohon burushin haƙori ya share cikinsa, ya tara dattin a kan farar takarda. Babu fad a Kaduna da ba shi da datti: ƙura, ɓawon gyaɗa, garin biskit, busasshen gumi. Ya tura takardar gaban saurayin ya ce, "Ga abin da na samu a ciki." Iyakar maganarsa ke nan. Bai ce shi ya sa aka ci ka ba, bai ce ba shi ba ne. Saurayin ya ƙura wa dattin nan ido kamar an miƙo masa sakamakon asibiti, fuskarsa ta washe, ya ce, "Ai na faɗa musu!" Ya roƙi a ƙulle masa dattin ya tafi da shi.

Haka aka haifi ƙullin Isiyaku. Kullum da safe, kafin ya taɓa komai, sai ya yanka farar takarda ƙanana-ƙanana ya jera a gefen tebur, kamar mai shirin sayar da yaji. Wanda aka lallasa jiya zai zo, a buɗe, a share, a ƙulle masa, ya koma gidan gem ya dire ƙullin a gaban wanda ya ci shi. Isiyaku ya dage shi bai taɓa ƙarya ba. Har wurin limamin layinmu ya kai maganar, a fakaice, liman ya ce in dai dattin daga ciki ya fito ai ba a yi ƙarya ba. Bai gaya wa liman sauran bayanin ba, liman kuma bai tambaya ba, don ɗansa ma na taɓa ganinsa da ƙulli biyu a aljihu.

A ƙarƙashin teburinsa akwai kwali biyu. Ɗaya na fad masu ciwon gaske, waɗanda waya ta tsinke ko roba ta cinye. Ɗayan kuwa shi yake kira kwalin masu kunya. Daga wannan kwali na biyu ya samo iliminsa duka. Ya lura duk gem ɗin da ya cika kwalin masu kunya shi ne yake cika benci, sai ya gina hukunci a kai.

"Gem ba ya karɓuwa a garin nan," in ji shi, "sai in wanda aka ci yana da abin faɗa."

Shi ya sa in an kai shi kallon sabon gem ba ya duban talabijin. Zai tsaya a gefe, hannu a baya, yana kallon bakin wanda aka doke. In bakin ya buɗe da ƙorafi, gem zai yi kasuwa. In mutum ya ajiye fad ya yi shiru, to a mayar wa mai shi kayansa.

Lokacin da aka kawo wani na tseren motoci, mai kyau kamar ka shiga ciki ka zauna, kowa ya ce ya gama da kasuwa. Isiyaku ya tsaya rabin sa'a ya ce ba zai kai sallah ba, bai kuwa kai ba. Da aka kawo wani na ƙwallo wanda alƙalin wasan cikinsa yake busa fanareti ba gaira ba dalili, masana suka yi ta kushe shi a waya, Isiyaku ya ce a saya da gudu. Shekara biyu ana zagin alƙalin nan daga Malali har Hayin Banki, benci bai taɓa sanyi ba. Na harbe-harbe da ake bugawa ta intanet kuwa ko kallonsa bai je ba. Ya ce, "Wannan ai an gama, ga netwok nan zai ɗauki laifin kowa."

Amma gem ɗin faɗa su ne gonarsa. Mutum biyu ne kawai, babu gola, babu alƙali, babu 'yan wasa goma da za ka ce su suka ja maka. In an kayar da kai, daga kai sai fad, kuma ba a taɓa samun wanda ya zaɓi kansa ba. Dije ta ce ita ba ta buƙatar a gaya mata an fito da sabon gem ɗin faɗa, a kuɗin cefane take gani.

Bara, bayan ƙaramar sallah da 'yan kwanaki, Tukur ya tsayar da motarsa a bakin layi. Tukur Bakatsine ne, shi ke da gidan gem mafi girma a Kawo, talabijin goma sha biyu, kuma bai taɓa sayen ko kebur ba sai da shawarar Isiyaku.

"Malam Isiyaku, taso mu shiga gari," in ji shi. "An kawo wani sabo na faɗa, sai ka gani da idonka."

Ni ma na ja ƙofar shago na bi su, don zan sayo zare, kuma don ba na son a ba ni labari.

Shagon da ake sayar da gem ɗin yana saman bene a titin Ahmadu Bello, sanyin iyakwandishan kamar ka nemi bargo. Gem ɗin kam ya haɗu, ko ni tela na san wannan. Ga 'yan dambe, ga 'yan kokawa, ga wata mata mai takobi biyu, har gumin jikinsu kana gani. Sunansa na Turanci dogo ne, babu wanda ya damu ya riƙe. Mai shago ya ba wasu samari biyu su gwada. Isiyaku ya koma gefe, hannu a baya. Cikin minti biyu ɗaya ya shimfiɗe ɗaya. Wanda aka shimfiɗe ya juya fad a hannunsa, ya buɗe baki ya ce, "Kai, wannan fad ɗin..."

Sai talabijin ya canza. Ya jero duk madannin da kowannensu ya taɓa tun daga farkon faɗa, ɗaya bayan ɗaya, da daidai lokacin da aka taɓa shi. Duk inda yaron ya makara an ja masa jan layi. Ya maimaita masa faɗuwarsa a hankali, sau biyu, ta gaba da ta gefe. Can ƙasa kuma ga hoton fad ɗinsu duka biyu, kowanne da koren maki a kansa, wato an gwada an ga lafiyarsa ƙalau. Yaron ya rufe bakinsa da sauran maganar a ciki.

Na dubi Isiyaku. A cikin wannan sanyi gumi ne a goshinsa.

"To, mi ka gani?" in ji Tukur.

Isiyaku ya gyara hula ya ce, "Wannan ko kyauta aka raba shi a ƙofar masallacin Juma'a, ba zai yi wata biyu ba."

"Haba! Ka ga kyau nai kuwa?"

"Kyau za a ci? Mutum ya biya kuɗinsa, a doke shi, sannan a kafa masa shaida a gaban jama'a? Yo wa zai dawo? Kai ka ga bakin yaron nan?"

Da yamma a wurin mai shayi ya maimaita a gaban masu gidajen gem bakwai, har ya ƙara gishiri. Ya ce in gem ɗin nan ya karɓu a Kaduna, kar wanda ya sake tambayarsa komai. Suka gyaɗa kai, suka watse da kalmar da ya fi so, Isiyaku ya faɗa. Babu wanda ya saya a cikinsu.

Ni kuwa na daɗe ina jin muryar mutumin nan, na san yadda take fita in yana da tabbas, kuma ba haka ta fita ba ranar. Wannan karon ba hasashe ya yi ba, addu'a ya yi. Koren makin nan in ya shiga gari, ba kwalin masu kunya kaɗai zai rufe ba, zai gaya wa kowa abin da ke cikin ƙullin da aka yi shekara goma sha bakwai ana direwa a kan benci. Da muka zo rufe shago na ce masa, "Bakano, tsoro ka ji ko?"

"Zage-zagi, je ka gama ɗinkin mutane," in ji shi.

Matsalar ta ɓullo daga inda bai taɓa tunani ba. A Rigachikun akwai wani Shehu, manomi ne da ya sayar da masara ya buɗe ɗan gidan gem mai talabijin uku a bakin titin Zariya. Bawan Allah bai san Isiyaku ba, bai san ana neman shawara ba. Ya shiga gari ya ce a ba shi wanda ya fi sabunta, aka ba shi wanda Isiyaku ya kushe, ya ɗaura a babur ya koma.

Mako biyu shiru. Isiyaku ya riƙa tafiya a layi kamar wanda ya ci zaɓe. A mako na uku wani kwandasta da nake yi wa ɗinki ya ce shi bai gane ba, samari ke cika motar Zariya a tashar Kawo, amma duk a Rigachikun suke sauka. A mako na huɗu hotuna suka fara yawo a waya. Hoton talabijin ne, jan layi reras, an rubuta sunan wanda aka doke da na unguwarsu, a ƙasa kuma kalma biyu, ba musu. Kafin wata ya ƙare sunan gem ɗin ke nan a bakin kowa, Ba Musu.

Tukur ya zo, da ƙyar ya yi sallama.

"Malam Isiyaku, ka kashe ni. Jiya mutum huɗu suka shigo mani, biyu daga ciki cajin waya ya kawo su."

"Ɗan ƙara haƙuri, ɗokin sabon abu ne, zai wuce."

"Haƙurin mi? Ɗana na cikina Rigachikun yake zuwa! Jiya ni ya roƙa kuɗin mota!"

Sati bai zagayo ba Tukur ya saya, sauran shidan suka bi shi a guje. Wata biyun da Isiyaku ya yanka wa gem ɗin ya cika a ranar da Tukur ya ƙara benci huɗu a waje, ya kafa rumfa.

Na daɗe ina juya abin a raina, sai ranar nan na gane inda ya zame. Ina gwada wa wani saurayi kaftani, Sani sunansa, gwanin Ba Musu ne a Unguwar Dosa, na tambaye shi me suka gani a gem ɗin haka. Ya ce, "Baba Habibu, ka san baƙin cikin ka lallasa mutum tsakani da Allah, washegari ya zo ya dire maka ƙullin ƙura? Tun ina firamare ake yi min haka."

Ka ji fa. Kowane faɗa mutum biyu ne, ɗaya ya faɗi, ɗaya ya tsaya. Shekara goma sha bakwai wanda ya faɗi kaɗai ke shiga shagon Isiyaku, don wanda ya ci me zai kawo shi? Isiyaku ya ɗauka ya san mutanen Kaduna ciki da waje, ashe rabi ya sani. Ɗaya rabin yana can yana cizon yatsa, yana jiran ranar da za a kawo masa shaida. Su kansu waɗanda ake dokewa ba su gudu ba. Kowa komawa yake yi da safe, don yana so gobe hoton wani ne zai yi yawo ba nasa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai wani ɗan banza ya yi gwaji. Ya ɗauki fad ya jona wa Ba Musu, koren maki ya fito, ya ɗauki hoto. Ya kawo wa Isiyaku shi yana marairaicewa, aka share aka ƙulle masa. Ya haɗa hoton koren makin da na ƙullin ya saki a waya. Kafin la'asar har ƙanwata da ke aure a Zariya ta turo min.

Daga nan ƙullin Isiyaku ya bar gidan gem ya shiga gari. Ma'aikaci ya makara ya ce taya ce ta yi faci, sai a ce ƙullin Isiyaku. Miji ya dawo babu cefane ya fara bayani, matar ta ce ya riƙe ƙullinsa. Ni kaina wata Hajiya ta zo karɓar ɗinki, na ce mata ai kwana uku babu wuta, ta ce, "Habibu, ban son ƙullin Isiyaku." Na yi dariya har na sarƙe. Sai na tuna mai sunan yana nan kusa yana ji, dariyar ta koma ciki. Gaskiya na ji tausayinsa, kuma ban saba ba.

Ba yunwa ce ta kama shi ba. Ba Musu yana cinye roba kamar me, kwalin masu ciwon gaske har ambaliya yake yi. Amma benci ya zama babu kowa. Masu gidajen gem sai su aiko da fad a leda, su ba sa zuwa. An fito da sababbin gem biyu a tsakanin nan, babu wanda ya ce masa me ka gani. Mutumin da in ya fara magana sai na kashe keke don in ji kaina, ya koma sai ƙarar sukudireba. Wata rana da rana tsaka, ba tambayarsa na yi ba, na ji ya ce, "Ni fa ban taɓa ƙarya ba." Na ci gaba da ɗinkina.

Ranar wata Juma'a da muka dawo daga masallaci ya fito da kwalin masu kunya da duk takardun da ya yanka, ya cinna musu ashana a bakin kwata. Ya ce ya yi tunani, ya gano kuskurensa, kuma ya ga inda duniya ta dosa.

"Zamani ya canza, Habibu. Mutanen yanzu gaskiya suke so, ko da ɗaci. Duk wanda ya ba su ita shi zai yi kasuwa."

Wato dai wani sabon hasashen. Ya sa ni na rubuta masa a jikin kwali da manyan baƙaƙe, don rubutuna ya fi nasa kyau: IN LAFIYARSA ƘALAU ZA A FAƊA MAKA. Ya rataye a ƙofa, ya zauna jiran wanda zai fara faɗa wa.

Akwai mutum ɗaya da ban ambata ba, don shi ba ɗan gidan gem ba ne. Malam Sharhabil ma'aikacin gwamnati ne, a Malali yake zaune, saura shekara biyu ya yi ritaya. Dattijo ne mai furfura da tabarau, motarsa tsohuwa amma kullum a wanke. Duk Asabar ɗin farkon wata, wajen ƙarfe sha ɗaya, zai tsaya a bakin layi, ya leƙo ya gaishe ni, ya shiga wurin Isiyaku da fad a cikin babban ambulan irin na ofis. Shekara tara bai fasa ba.

Da 'yarsa yake bugawa, autarsa Yasmin, wadda yanzu take jami'a a Zariya, tana zuwa gida ƙarshen mako. Ya taɓa gaya mana yana jiran gyara cewa shi ba mai magana ba ne a gida, ita ma ta gado shi, to gem ɗin faɗa shi ne hirarsu. Tun tana shekara goma sha biyu take kayar da shi. In ta kayar da shi ya ce fad ne, ita kuma ta ce, "To Abba, a kai wa Malam Isiyaku." Ya kawo, ya koma da ƙulli ya ajiye mata a tebur, ta buɗe ta duba ta ce, "Lallai kam. To a sake."

Washegarin ranar da aka rataye kwali ita ce Asabar ɗin farkon wata. Ƙarfe sha ɗaya motar ta tsaya. Ya gaishe ni, ya wuce ta ƙarƙashin rubutuna bai ɗaga kai ba. Na bar keke na tsaya a bakin ƙofa. Isiyaku ya dube ni, irin duban nan na ka zama shaida. Ya zaro fad daga ambulan, ya jona, ya danna nan ya danna can, ya ajiye ba tare da ya kwance ko ƙusa ɗaya ba.

"Yallaɓai, fad ɗin nan lafiyarsa ƙalau."

"Na'am?"

"Lafiyarsa ƙalau. Na watan jiya ma haka. Duk waɗanda ka taɓa kawowa haka suke, in ban da sau ɗaya da waya ta tsinke. Ka yafe ni, yallaɓai."

Ya faɗa ya miƙe wuya, yana jiran a yaba masa. Malam Sharhabil ya nemi benci ya zauna. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Malam Isiyaku," in ji shi a hankali, "shekara talatin da uku ina karanta fayil. Kana ganin in na ga ƙura ban san ƙura ba ce?"

Isiyaku ya sauke wuyan da ya miƙe.

"Yasmin ma ba yarinya ba ce, injiniyanci take karantawa. Ita ta sayo mana sabon gem ɗin nan. In an gama faɗa zai fito da lissafinsa, sai ta miƙe ta ce bari ta ɗebo ruwa, ni kuma in cire tabarau in lalubi madanni in danna ya wuce. Wata uku haka muke yi, ba wanda ya ce wa wani komai." Ya mayar da tabarau. "Na san 'yata, tausayi gare ta. Ranar da na buɗe baki na ce ta fi ni, ranar za ta fara bari ina cinta. Ni kuwa ba zan zauna 'yar cikina tana ba ni nasara sadaka ba. Daga nan wasa ya ƙare, kowa ya koma ɗakinsa."

Ban taɓa ganin mai tumbi ya yi sauri irin na Isiyaku a lokacin ba. Ya wawuri sukudireba, ya jawo fad.

"Kawo, yallaɓai, ai ban buɗe ba tukuna, wa ya san abin da ke ciki? Minti biyar! Habibu, takarda! Ba ni farar takarda!"

Na ruga na yago masa daga littafin awo. Kafin in dawo Malam Sharhabil ya ɗora hannunsa a kan fad ɗin.

"Bar shi," in ji shi. "Da can in na ajiye mata ƙullin nan ba ƙarya nake yi ba, don babu wanda ya taɓa gaya min. Yanzu an gaya min."

Ya mayar da fad cikin ambulan, ya naɗe bakin da kyau. Ya yi wa Isiyaku godiya, ya ce min a gaida gida, ya shiga motarsa. Isiyaku yana tsaye, sukudireba a hannun dama, takardata a hagu, har motar ta sha kwana.

Kwalin da na rubuta bai ƙara kwana a ƙofa ba. Ya koma yankan takarda da safe kamar da, ko da yake babu mai karɓa, sai dai su taru a gefen tebur iska ta watsar. Asabar ɗin farkon wata huɗu ke nan sun wuce, kowacce tun ƙarfe goma yake share bencin, ya zauna yana fuskantar bakin layi har a kira azahar.

Shekaranjiya ya tambaye ni, bai dube ni ba, ko na san wani a Malali da zai iya sanin ko har yanzu suna bugawa. Na ce ban san kowa ba. Ya ce to, ya ci gaba da yankan takarda.